KARATUN DUWATSU MASU AMAN WUTA: BAYANI GA IYAYE DA ƊALIBAN KIBIYA DA RANO

Kowace shekara idan sunayen waɗanda jami'o'i suka ɗauka suka fito, akan sami yaro daga Kibiya, Tarai, Durba ko Rano wanda ya nemi aikin likita ko injiniya amma aka ba shi ilimin ƙasa da duwatsu, wanda 'yan makaranta ke kira jiyoloji. Iyaye sukan tambaye mu, “Dutse kuma har sai an je jami'a kafin a san shi?” Wani yaron kuwa yakan shiga da ƙyar, daga baya karatun ya kama zuciyarsa, har ya dawo gida yana cewa zai yi digiri na biyu a kan duwatsu masu aman wuta. Nan ne gardama take tashi a tsakar gida, gama kuɗin digiri na biyu ba daga sama yake faɗowa ba. Daga rumbu yake fita, ko daga turken sa, wani lokaci ma har gona akan jinginar. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu bayyana ko mene ne wannan karatu, inda ake yinsa, abin da yake ci, da abin da mai yinsa zai iya samu a ƙarshe.

INA RUWANMU DA AMAN WUTA?

Can cikin ƙasa akwai zafi mai tsanani. A wasu wurare zafin yakan narkar da dutse. Narkakken dutse bai kai daskararre nauyi ba, saboda haka yakan nemi hanyar hawa sama, yana ɗauke da iska da tururi a cikinsa. Zafinsa yakan kama daga awo 700 zuwa 1,200, alhali ruwa a awo 100 yake tafasa. In mai ruwa-ruwa ne kamar koko, iskar takan fita da sauƙi, shi kuma ya malalo kamar rafi. In mai kauri ne, sai ya riƙe iskar har ta fi ƙarfinsa ya fashe. Duk matar da talge ya taɓa fantsamar wa a hannu ta san bambancin nan. Irin mai kaurin shi ne mai kisa, domin yakan watso toka da duwatsu masu zafi da ke gangarowa da gudun da ya fi na mota.

Yawancin duwatsun da muke gani a Rano da Kibiya, da falalen da mata ke shanya a kai, ba aman wuta ba ne. Su ma narkakken dutse ne a dā, amma a cikin ƙasa suka huce a hankali, shi ya sa ƙwayoyinsu manya ne, ido na ganinsu. Masana suna ba su shekara wajen miliyan 600. Ruwan sama da iska ne suka yi ta zaftare ƙasar da ke bisansu har suka bayyana.

Amma ku bi hanyar Jos, ku wuce Tudun Wada, ku ratsa dajin Falgore zuwa ƙaramar hukumar Doguwa. Tsaunukan Riruwai da ke can saiwar wani ƙaton dutse mai aman wuta ne, a cikin jiharmu ta Kano. Wajen shekara miliyan 170 da suka wuce, narkakken dutse ya taru a ƙarƙashin wurin, ya yi ta amayar da toka. Da cikin ya rage, sai rufin ya rufta kamar soron da gara ta cinye azararsa, ya bar wani makeken rami. Sauran narkakken dutsen ya bi ta tsagar da ta kewaye ramin ya daskare. Wannan ne ya sa in an dubi Riruwai a taswira ko a hoton tauraron ɗan adam, za a ga tsaunukan sun yi zobe. Tokar da ta zuba cikin ramin ta manne ta zama dutse mai tauri, tana nan har yau, ana iya ɗaukarta a hannu.

Riruwai ba ita kaɗai ba ce. Irin wannan zobe ya haura 50 a Nijeriya. Akwai shi a Dutse, Birnin Kudu, Ningi, Kudaru, Banke, da tudun Jos. Jerin ya faro ne tun daga duwatsun Abzin a arewacin Agadas, ya bi ta Damagaram, ya shigo Nijeriya ya gangara har tsaunukan Afu a jihar Nasarawa. Abin mamakin shi ne, gwargwadon yadda aka yi kudu, gwargwadon ƙuruciyar duwatsun. Na Abzin sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram wajen miliyan 300. A cikin Nijeriya kuwa, awon da Farfesa M. A. Rahaman da abokan aikinsa suka wallafa a 1984 ya ba Dutse wajen miliyan 213, ya ba Afu miliyan 141. Wato wutar ta yi ta ƙaura daga arewa zuwa kudu. Dalilin wannan ƙaura har yanzu masana suna muhawara a kansa, muhawara kuwa ita ce abincin ɗalibin digiri na biyu. Masanan duniya sun daɗe da sanin darajar wuraren nan. Littafin da Jacobson, MacLeod da Black suka rubuta a kansu, wanda ya fito a Landan a 1958, har yau ana ambatonsa a jami'o'i.

Mun san lissafin miliyoyin shekaru yakan dami wasu iyaye. Abin da za mu ce shi ne, ba ƙiyasin baka ba ne. Akwai sinadarai a cikin ƙwayoyin dutse da ke rikiɗa zuwa wasu a hankali da saurin da aka sani, kamar yuraniyom da ke komawa dalma. In an auna abin da ya rikiɗa da abin da ya saura, sai a fitar da shekaru. Ɗalibi zai koyi yadda ake yi, ya kuma koyi inda awon ke iya kuskure. Masu bi da yawa suna wannan aiki, bai kuwa raba su da bangaskiyarsu ba.

Amfanin tsohuwar wutar nan kakanninmu sun riga Turawa saninsa. Ruwan zafin da ya fita daga dutsen sa'ad da yake hucewa shi ne ya bar kuza da tutiya a cikin tsagoginsa. Mutanen Riruwai suna narka kuza suna sayar da ita siri-siri kamar tsinke tun kafin mulkin mallaka, kuma bin sawun wannan haja ne ya kai Turawa ga kuzar tudun Jos a farkon shekarun 1900. A Riruwai akwai jijiyar ma'adini mai tsawon wajen kilomita 5, daga gabas zuwa yamma. An haƙa mata rami mai zurfi a shekarun 1970, aikin ya tsaya a shekarun 1980, shekarun da kasuwar kuza ta duniya ta karye.

WAƊANDA BA SU DAƊE DA MUTUWA BA

Wutar Riruwai ta mutu murus, kada kowa ya tsorata. Amma akwai ƙananan duwatsu a ƙasar nan da suka yi aman wuta kwanan baya, in an auna da shekarun ƙasa. A ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato, wajen Panyam da Kerang, akwai jerin tuddai masu siffar malfa, har da tafkin Pidong da ke zaune a cikin bakin ɗayansu. Ƙasar wurin tana da albarka, dankalin Turawa da masara suna yi sosai, gama baƙin dutsen aman wuta in ya ruɓe taki ne. A tudun Biu na jihar Borno ma haka, tafkin Tila a bakin tsohon dutse yake. Ba a taɓa rubuta cewa wani dutse ya yi aman wuta a Nijeriya a idon mutane ba. Sai dai tudun Biu dangin wani dogon layi ne mai tsawon wajen kilomita 1,600, wanda ya taso daga tsibiran teku ya ratsa Kamaru, shi kuwa layin nan da ransa. Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, ya yi amai a 1982, 1999 da 2000. Na 1999 har ya datse hanyar mota ta bakin teku a yamma da Limbe.

Abin da ya fi kama mu, mu masu aikin agaji, shi ne na tafkin Nyos. Tafki ne a bakin tsohon dutse a arewa maso yammacin Kamaru, zurfinsa wajen mita 200. Shekara da shekaru iskar kabon tana tsatsowa daga ƙasa tana narkewa a ruwan da ke can ƙasan tafkin, nauyin ruwan sama yana danne ta, kamar yadda marfi ke riƙe iskar lemon kwalba. A daren 21 ga Agusta, 1986, ruwan ya juye, iskar ta fito gaba ɗaya. Ba wuta, ba toka. Iskar kabon ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari tana kwarara kamar ruwa, ta shiga ƙauyukan Nyos, Cha da Subum mutane suna barci. Mutum 1,746 suka mutu, da dabbobi wajen 3,500, da yawansu shanun Fulani ne. Masu haƙar rijiya a nan gida sun san wannan iska. Ita ce suke gudu sa'ad da suke zura fitila cikin tsohuwar rijiya kafin mutum ya shiga, in ta mutu su fasa.

Shekara biyu kafin nan, a Agustan 1984, tafkin Monoun ya yi irin haka ya kashe mutum 37, amma duniya ba ta mai da hankali ba. Bayan Nyos ne masana daga Kamaru, Faransa, Japan da Amurka suka duƙufa. A 2001 suka zura dogon bututu har ƙasan tafkin domin iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, a 2011 aka ƙara biyu. Wata matsalar kuma ta shafi Nijeriya kai tsaye. Bangon da ke tare ruwan Nyos toka ce da tsakuwar aman wuta, aka kuwa yi fargabar ba shi da ƙwari. In ya karye, ruwan zai bi kogin Katsina-Ala ya auka wa jihohin Taraba da Binuwai. Wannan na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Taraba. Madatsa sukutum, saboda wani tafki da ke wata ƙasa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce shafa wa naka ruwa.

AINIHIN AIKIN

Abin da yara ke gani a talabijin shi ne mutum cikin rigar azurfa a bakin jan rami. Wannan ɗan ƙaramin yanki ne na aikin, wasu masanan ma har su yi ritaya ba su sa rigar ba. Masu tsaron dutse mai rai sukan binne na'urorin jin motsin ƙasa a kewayensa, gama narkakken dutse in yana hawowa yakan fasa duwatsu ya jawo ƙananan girgiza. Sukan auna iskar da ke fita, su auna ko jikin dutsen yana kumbura, yanzu har da taimakon tauraron ɗan adam. Wasu kuma tarihin dutsen suke karantawa. Su bi rafi-rafi suna duba tokar da ta zuba hawa-hawa, su gane sau nawa ya yi amai, ina ya bi, ina ya tsaya, sa'an nan su zana taswirar da za ta nuna inda bai kamata a yi gida ba. Sauran lokacin a ɗakin gwaji yake ƙarewa. Akan yanka dutse a goge shi har kaurinsa ya koma kashi 3 cikin 100 na milimita, haske ya ratsa shi, a duba shi a madubin ƙara girma. Akan niƙa wani a auna sinadaransa. Akwai lissafi, akwai kwamfuta, akwai rubutu mai yawa.

Akwai haɗari kuma. A ranar 3 ga Yuni, 1991, dutsen Unzen na Japan ya kashe mutum 43, cikinsu har da Katia da Maurice Krafft, mata da miji 'yan Faransa da suka yi suna a fannin. A Janairun 1993 dutsen Galeras na Kolombiya ya fashe masana suna bakinsa, shida daga cikinsu suka mutu.

Amma a ganinmu, wurin da ya fi wuya a aikin ba bakin rami ba ne, ofishin hukuma ne da dandalin gari. A Kolombiya a 1985 masana sun riga sun zana taswirar da ta nuna garin Armero yana kan hanyar laka in dutsen Nevado del Ruiz ya motsa. Ba a kwashe mutane ba. A daren 13 ga Nuwamba laka ta binne garin, mutum wajen 23,000 suka hallaka. Shekara shida bayan haka, a ƙasar Filifin, masanan ƙasar da na Amurka suka shawo kan hukuma ta kwashe dubban mutane daga gindin Pinatubo kafin babbar fashewarsa ta 15 ga Yuni, 1991. Ilimin kusan ɗaya ne, bambancin shi ne an saurara. A nan Afirka, Nyiragongo ya malalo cikin birnin Goma na Kwango a 17 ga Janairu, 2002, dubban ɗaruruwa suka gudu, ya sake amai a 22 ga Mayu, 2021. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin lallashin magidanci ya tashi daga bakin kogi kafin ambaliya ya san abin da muke nufi. Masanin da bai iya yi wa dagaci bayani da harshen da dagaci zai gane ba, rabin aikinsa ya zube.

HANYAR DA AKE BI

Iliminsa ba a fara shi daga digiri na farko. Ana fara jiyoloji ne, ko ilimin awon ƙasa da na'ura, sa'an nan a ƙware a gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun daga aji huɗu na sakandare yaro ya riƙe Turanci, lissafi, fizis da kemistiri, ya fita da kiredit a WAEC ko NECO. Yaron da ke gudun lissafi kada a tura shi nan da sunan dutse ne kawai. Mai difloma daga kwalejin fasaha a fannin ma'adinai yana iya neman shiga aji biyu ta JAMB. Ana koyar da jiyoloji a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Bayero, jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, Jami'ar Jos, da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi. Shekara huɗu ne ko biyar, da fita daji zana taswirar duwatsu, sa'an nan bautar ƙasa.

A nan muna so ɗalibai su buɗe kunne. Sakamakon digiri na farko shi ne mabuɗi. Kusan duk masu ba da tallafin karatu suna neman daraja ta ɗaya, ko ta biyu babba. Wanda ya yi wasa a aji ɗaya da aji biyu, da wuya ya cike giɓin a aji huɗu.

Digiri na biyu a gida, ɗalibi zai nemi ɓangaren nazarin asalin duwatsu da sinadaransu, ya zaɓi duwatsun aman wuta su zama batun bincikensa. Zariya da Jos sun daɗe a kan wannan, su ne kuma kusa da duwatsun. A takarda shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu, amma a yi lissafi da ragi, gama yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Kuɗin makaranta ba shi ne babban nauyi ba. Nauyin yana wajen fita daji da awon samfur. Akwai ɗakin gwaji na Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya a Kaduna, amma awo mai zurfi, musamman na shekarun dutse, yawanci sai an aika waje, kuɗin kuwa da dala ake biya. Ɗalibai da yawa a nan suke maƙalewa, sun gama aji, sun tara duwatsu a buhu, ba kuɗin awo. Saboda haka kafin a biya ko sisi, ɗalibi ya zauna da malamin da zai duba aikinsa ya tambaye shi ƙeƙe-da-ƙeƙe: samfur nawa ake bukata, ina za a auna, nawa ne, wa zai biya. Malamin da yake da abokan aiki a waje, ko yake da kuɗin bincike a hannu, ya fi malami mai dogon suna amfani ga ɗan talaka.

Ɗan Kibiya yana da wata dama da ɗan Legas, kai har ɗan Landan ma, ba shi da ita. Riruwai tafiyar yini guda ce, ya je ya dawo. Yana jin harshen mutanen wurin, ya san yadda ake gaishe da dagaci a nemi izini kafin a hau dutse da guduma. Manyan ayyukan da aka yi a kan wuraren nan, da yawansu tun shekarun 1950 zuwa 1980 ne, kafin zuwan na'urorin yau. Malami a Turai da yake da na'ura amma ba shi da ƙafar zuwa Doguwa yana bukatar irin wannan ɗalibi.

Mai son aiki a kan dutse mai rai kuwa dole ya fita. Mafi kusa ita ce Jami'ar Buea, a gindin Dutsen Kamaru, da Turanci ake karatu a can, ko da yake yankin yana fama da rikici tun 2016, sai an bincika kafin a tafi. Daga nesa akwai Jami'ar Bristol a Ingila, da cibiyar Clermont-Ferrand a Faransa, da Jami'ar Aislan, da wasu a Italiya, Japan da Amurka. Ana neman tallafi daga hukumar Commonwealth, da DAAD ta Jamus, da Erasmus ta Tarayyar Turai, da asusun PTDF na nan gida, ko da yake shi ya fi karkata ga fannin man fetur. Gwamnatin Kano ma a 2023 ta farfaɗo da tura masu daraja ta ɗaya karatun digiri na biyu a waje. Za a bukaci fasfo, takardar sakamako daga jami'a, wasiƙun malamai biyu ko uku, sau da yawa da jarrabawar Turanci. Mai jin Faransanci ƙofofinsa sun ninka. Neman waɗannan tallafi kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa yaro gurbi, ɗan damfara ne.

Digiri na uku shekara uku zuwa huɗu ne a Turai, biyar ko fiye a Amurka. Shawararmu a nan ba ta da kwana: kada a sayar da gona saboda shi. A fannin kimiyya, jami'ar waje in tana son ɗalibi da gaske ita take biyan kuɗin makaranta ta kuma ba shi na abinci. In sun ce ya zo amma ya biya da kansa, ya gode musu ya sake nema wata shekara.

TO, AIKI FA?

Gaskiya ɗaya ce. Kujerar da aka rubuta “masanin dutse mai aman wuta” a kanta ba ta da yawa ko a ƙasashen da ke da duwatsun, balle a Nijeriya. Wanda ya kafe sai wannan suna, zai iya tsufa yana jira. Wuraren da ke kusa da fannin a gida su ne koyarwa a jami'a, da Hukumar Binciken Ƙasa wadda tushenta ya faro tun 1919, da cibiyar lura da motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi. Aikin irin wannan cibiya ya fito fili sa'ad da ƙasa ta girgiza a Kwoi ta kudancin Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018, jama'a suka firgita ana neman mai bayani.

Sai dai ilimin da ya koya a hanya yana da kasuwa. Wanda ya fahimci yadda narkakken dutse ke hucewa ya san inda kuza, tutiya, zinariya da litiyom suke taruwa, kamfanonin ma'adinai kuwa shi suke nema. A gabashin Afirka zafin ƙasa ya zama lantarki. Kenya ta kunna tasharta ta farko a Olkaria a 1981, yanzu kusan kashi 40 cikin 100 na wutarta daga tururin ƙarƙashin ƙasa yake zuwa, kuma ƙasar Aislan tana horar da 'yan ƙasashe masu tasowa a wannan fanni tun 1979.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne ruwa. A ƙasa irin tamu mai falalen dutse a ƙarƙashi, ruwa ba ya shimfiɗe ko'ina kamar a ƙasar rairayi. Yana taruwa ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma cikin tsagogi. Shi ya sa za a haƙa burtsatse a nan a sami ruwa, a matsa taku ɗari a haƙa wani a sami ƙura. Unguwar da ta yi karo-karo ta kira mai injin haƙa ba tare da awo ba, caca ta yi da kuɗin jama'a. Mai awon nan da ke shimfiɗa waya a ƙasa yana kafa ƙarafa, jiyoloji ya karanta. Haka kuma batun lafiya. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. A wajen Langtang ta jihar Filato, sinadarin da ke fita daga duwatsu zuwa ruwan sha yana ɓata haƙoran yara. Likita yana maganin ciwon, amma mai sanin dutse ne zai faɗi daga inda yake fitowa. Wanda zai yi wannan sana'a da sunansa sai ya yi rajista da majalisar COMEG mai kula da masu aikin ma'adinai da ilimin ƙasa.

Saboda haka in yaro ya zo da wannan buri, mu dai ba za mu ce a hana shi ba, ba kuma za mu ce a kwance sa a kai kasuwa nan take ba. A dubi sakamakonsa tukuna. A tambaye shi sunan malamin da ya yarda zai duba aikinsa. A sa shi ya koyi awon ruwa da zana taswira a kwamfuta tun yana bautar ƙasa, domin ya sami abin riƙe kansa yayin da yake jiran amsar tallafi. Wannan magana har da 'yan mata. Cikin waɗanda suka yi aiki mai zurfi a kan ma'adinan Riruwai akwai mace, Judith Kinnaird, wadda daga baya ta zama farfesa a Afirka ta Kudu.

Ga malaman kimiyya na makarantunmu kuma, ziyarar Riruwai ta fi kyau da rani, bayan an sare ciyawa kuma rafuka sun janye. A nemi labarin tsaron hanyar Falgore kafin a tashi, a yi tafiyar da rana, a fara sauka wurin dagaci, kada kuma a bar yara su kusanci tsofaffin ramukan kuza. Kowane yaro ya tafi da guntun dutse daga falalen garinsu, ya ɗora shi kusa da tokar da ta daskare a can. Na gida zai ga ƙwayoyi manya, farare da ja-ja da baƙaƙe, sun cuɗe da juna. Na Riruwai zai ga jikinsa a murje, da ƴan gutsattsarin wasu duwatsu maƙale a ciki, waɗanda fashewar ta kwaso a kan hanyarta ta fitowa.